Ƙura, Iskar Gabas da Ruwan Ɗumi: Abin da ke Riƙe Tekun Atlantika a Farkon Kakar Guguwa

Ranar 1 ga Yuni ake buɗe kakar mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika, ba a rufe ta sai 30 ga Nuwamba. Amma wanda ya bibiyi rahotannin Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka da ke Miami a makonnin farko zai ga ba guguwa ce ta cika su ba. Magana ake ta yi a kan iskar gabas mai ƙarfi a gaɓar Kolombiya, da igiyar ruwa mai tsayin mita uku, da ƙurar Sahara da ta lulluɓe tsakiyar teku, da wasu taguwoyin iska uku ko huɗu da ke bin juna daga Afirka zuwa yamma ba tare da sun zama komai ba. Ƙididdigar shekarun 1991 zuwa 2020 ta nuna kakar takan haifi guguwa 14 masu suna, 7 daga ciki su kai matakin mahaukaciya, 3 su zama manya. Sai dai a matsakaicin lissafi ta farko mai suna ba ta bayyana sai wajen 20 ga Yuni, mahaukaciyar farko kuwa sai 11 ga Agusta, kuma ganiyar abin tana wajen 10 ga Satumba.

Wannan jinkiri yana da dalili, kuma rabin dalilin daga sararin samaniyar Afirka ta Yamma yake fitowa. Na damu da a fahimce shi don mutane da yawa suna ɗaukar shirun Yuni a matsayin alamar shekara za ta yi sauƙi, alhali shirun na wucin gadi ne, kuma abubuwan da ke tsaron ƙofar sun fara rauni.

Mahaukaciyar guguwa na'ura ce da ke aiki da tururin ruwan ɗumi. Rana ta gasa fuskar teku, tururi ya tashi, ya hau sama ya huce ya zama gajimare, a wajen hucewar ya saki zafin da ya ɗauko. Zafin nan ya ƙara sa iska ta yi sauƙi ta ci gaba da hawa, wadda ke kewaye ta kwararo don cike gurbin, jujjuyawar duniya kuma ta karkatar da ita har ta soma kewaya wuri guda. Don haka guguwa ba ta ƙulluwa dab da layin da ya raba duniya biyu, sai an nisance shi da kamar digiri 5, domin a can karkatarwar ba ta da ƙarfi. Ruwan kuma sai ya kai zafin digiri 26 da rabi, ba a fuska kawai ba, har zurfin mita 50 ko makamancin haka, saboda guguwa tana dama teku tana fito da ruwan ƙasa, in ta tarar da sanyi a can ta kashe kanta. Idan gudun iskar ya kai kilomita 63 a awa sai a raɗa mata suna. Ya kai 119 ta zama mahaukaciya. Daga 178 ana kiranta babba.

Ruwan ɗumi kaɗai bai isa ba. A watan Yuni Tekun Karibiyan da Mashigin Meksiko sun riga sun wuce digiri 26 da rabi, amma suna iya yin makonni ba abin da ya tashi. Sai an samu iri da za a fara da shi, da danshi a tsakiyar sama, da jituwa tsakanin iskar ƙasa da ta sama. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuyar samu a farkon kaka. Ka dubi hayaƙin murhu da safe idan babu iska: miƙewa yake sambal. Da zarar iska ta kaɗa a saman katanga sai ya karye ya watse. Haka ginshiƙin gajimaren guguwa yake. Idan iskar ƙasa tana tafiya yamma, ta can sama mai nisan kilomita 12 tana gudu gabas, kan ginshiƙin zai rabu da gindinsa, zafin ya watse, na'urar ta mutu. A Yuni da farkon Yuli wannan saɓani yana da ƙarfi a yawancin yankin.

Batun iri shi ne ya fi shafar mu. Duk wanda ya yi damina a Kano ko Maraɗi ko Damagaram ya san daga inda babban hadari yake fitowa. Da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, zafi ya dami kowa, sai jar ƙura ta taso kamar bango, ta wuce da ƙarfi tana kwashe rufin kwano, bayanta ruwa ya kece. Awa ɗaya ko biyu, hadarin ya yi yamma, kwana uku ko huɗu wani ya biyo sahunsa. Wannan tazara ba haka kawai take ba. A lokacin damina Sahara tana cin wuta, gaɓar Tekun Gini kuwa tana da sanyi da laima. Bambancin zafin nan yana haifar da wani kogin iska a sama, nisan kamar kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, yana gudu daga gabas zuwa yamma a kan yankin Sahel. Kogin ba ya tafiya a miƙe, lanƙwasa yake yi, kowace lanƙwasa kuma tana da faɗin kilomita 2,000 zuwa sama. Su ne taguwoyin iskar da ake magana. Da yawansu suna farawa ne daga tsaunukan Habasha da na Darfur, su ratsa Chadi, Nijar, arewacin Najeriya, Burkina Faso da Mali suna tara hadari, su faɗa teku ta wajen Senegal da Gini. Kusan 60 ne ke fita a shekara, ɗaya duk bayan kwana uku zuwa biyar. Masana sun ƙiyasta cewa wajen kashi 85 cikin ɗari na manyan guguwoyin Atlantika daga irin waɗannan taguwoyi suke samo asali. Wato hadarin da ya jiƙa gonar gero a Katsina yana iya zama, bayan mako biyu, abin da ake rufe makarantu saboda shi a Jamaika.

To me ke kashe su a Yuni? Da farko dai, ruwan da suke tararwa a gabashin teku bai gama ɗumama ba. Akwai wata hanyar ruwan sanyi da ke gangarowa daga wajen tsibiran Kanari ta bi gaɓar Maroko da Muritaniya, iska kuma tana ture ruwan fuska daga gaɓa, na ƙasa mai sanyi ya hau. Wannan ne ya sa gaɓar ta yi arzikin kifi, shi ne kuma ya sa taguwar da ta fito da hadari cike da ƙarfi takan yi laushi cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai ƙura. Daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Agusta, zafin Sahara da iskar da ke gaban hadari suna ɗaga ƙura daga Mali, Muritaniya, kudancin Aljeriya da arewacin Nijar zuwa can sama. Idan wannan busasshiyar iska ta iso bakin teku, sai ta hau kan iskar teku mai sanyi da laima, ta zama shimfiɗa mai kauri tsakanin kamar kilomita ɗaya da rabi zuwa shida daga fuskar ruwa, ta kama hanyar yamma. Ɓarnar da take wa guguwa kashi-kashi ce. Danshinta kusan rabin na iskar yankin ne, don haka gajimaren da ya kutsa cikinta ƙafewa yake, iskar da ta huce ta rufto ƙasa maimakon ta hau. Tana da ɗumi fiye da iskar da ke ƙarƙashinta, sai ta zama murfi, tururi ya taso ya kasa wucewa. Tana kuma tafe da nata gudun, abin da ke ƙara saɓanin sama da ƙasa. Ita ƙurar kanta tana tare wani kaso na hasken rana, ruwan ya rage ɗumama. A Yunin 2020 an ga misali mai girma: ƙurar ta ketare teku baki ɗaya, ta mayar da sararin Puerto Rico ruwan toka, hukumomi suka gargaɗi masu asma su zauna a gida, har ta isa kudancin ƙasar Amurka. Mutumin Sakkwato da ya ga hotunan zai ce hazon hunturu ne, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, bambancin dai shi ne wannan a sama take tafiya, a tsakiyar damina.

Abu na uku shi ne iskar gabas, kuma ita ce masu jiragen ruwa suka fi ji a jikinsu. A tsakiyar arewacin Atlantika, tsakanin tsibiran Azores da Bermuda, akwai wani ƙaton yanki na iska mai nauyi da ke zaune duk shekara. A ƙarshen Yuni da Yuli yana ƙara ƙarfi ya miƙe zuwa yamma. A daidai lokacin, ƙasar arewacin Kolombiya ta yi zafi, iskar wurin ta yi sauƙi. Iska kuwa daga mai nauyi take kwarara zuwa mai sauƙi, kuma iya girman bambancin iya gudunta. Ga tsaunukan Santa Marta da suka tashi daga bakin teku kai tsaye zuwa sama da mita 5,000, suna matse hanyar. Sakamakon shi ne a wajen Barranquilla, musamman da dare, iska takan kai kilomita 50 zuwa 60 a awa, wani lokaci ta haura 63 har a fitar da gargaɗi, duk da sararin sama garau yake, babu ɗigon ruwa.

Girman igiya ya dogara da ƙarfin iska, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da nisan filin ruwan da ta ratso. A nan duka ukun sun haɗu, domin iskar ta taho tun daga ƙananan tsibiran gabas, ɗaruruwan kilomitoci babu abin da ya tare ta. Idan rahoto ya ce igiya mita uku, ba ana nufin ita ce mafi tsayi ba. Ana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na igiyoyin da suka fi tsayi ne a fitar da matsakaicinsu, kuma jifa-jifa ɗaya takan zo ta kusa ninka wannan adadi. Babban jirgin dakon kaya da ya nufi Mashigin Panama zai rage gudu ya wuce. Masunci a kwalekwale mai inji ɗaya kuwa, ko dai ya kwana a gida ba kamu, ko ya fita ya riƙa fuskantar kowace igiya da goshin jirgi, ruwa na zubowa ciki, yaronsa na kwarfewa. Babu suna da ake raɗa wa irin wannan yanayi, babu tashar talabijin da ke ɗauko shi, amma shi ne ainihin yanayin tekun a yawancin ranakun farkon kaka, kuma yana hana mutane abinci.

Wannan iskar ma maƙiyiyar guguwa ce. A gabashin Karibiyan tana ƙara gudu yayin da take nufar yamma, don haka iskar ƙasa tana bajewa maimakon ta taru, taguwar da ta tsira daga ƙura ta zo nan ta ƙarasa watsewa. Ita ce kuma ke da hannu a ɗan tsaikon ruwan sama da manoman Amurka ta Tsakiya ke fuskanta a Yuli da Agusta, wanda idan ya yi tsawo masarar shukar farko take ƙonewa a Guatemala da Honduras.

Guguwar Yuni, idan ta zo, yawanci ba daga Afirka take zuwa ba. A gida ake haifarta, a Mashigin Meksiko ko yammacin Karibiyan ko gaɓar kudu maso gabashin Amurka. Wani lokaci daga ragowar iskar sanyi da ta gangaro daga arewa ta tsaya a kan ruwan ɗumi. Wani lokaci daga wata babbar kewayawar iska da ke ƙulluwa a kan Amurka ta Tsakiya a Mayu da Yuni, mai jawo danshi daga tekuna biyu. Irin waɗannan guguwoyi ba su cika tsari ba, iskarsu ba ta kai ta Satumba ba, don haka ake raina su. A ganina wannan raini kuskure ne mai tsada, domin ruwa ya fi iska kisa. A ƙarshen Mayun 2020 guguwar Amanda ta shiga Guatemala daga ɓangaren Tekun Fasifik, ambaliya da zaftarewar ƙasa suka hallaka mutane da dama, mafi yawa a El Salvador. Ragowarta ta tsallaka ta sake haɗuwa a Mashigin Meksiko da sunan Cristobal, ta je ta sauka a Louisiana. A Yunin 2001 Allison, wadda ba ta taɓa kai matakin mahaukaciya ba, ta yi ta kai-komo a kan Texas tana zubar da ruwa har wasu wurare suka samu kusan milimita 1,000 cikin 'yan kwanaki, abin da ya fi na damina guda a Kano a yawancin shekaru. Birnin Houston ya nutse, asibitoci suka cika da ruwa. Kuma kusancin wurin haihuwarsu da gaɓa yana nufin lokacin shiri kaɗan ne. Audrey ta afka wa Louisiana a ƙarshen Yunin 1957, teku ya hau tudu, sama da mutum 400 suka rasu.

A bayan duk wannan akwai hannun Tekun Fasifik. Shekarar da gabashinsa ya yi ɗumi fiye da kima, wato El Niño, iskar sama a kan Karibiyan takan ƙara ƙarfi ta riƙa sare kan gajimare. Shekarar da ya yi sanyi fiye da kima kuwa, wato La Niña, hanya a buɗe take, kamar 2020 da aka samu guguwa 30 masu suna, adadin da ba a taɓa gani ba.

Abin da ya sa na ce masu tsaron ƙofa sun fara rauni shi ne abin da ya faru a 2023 da 2024. A 2023 akwai El Niño, amma ɗumin Atlantika ya rinjaye shi, aka samu guguwa 20 masu suna, biyu daga ciki, Bret da Cindy, a tsakiyar teku cikin watan Yuni, inda aka saba ganin shiru. A 2024 abin ya wuce nan. Zafin ruwan tsakanin Afirka da Karibiyan a ƙarshen Yuni ya yi daidai da abin da aka saba gani a Satumba. Wata taguwa ta fito daga Afirka ta bi ta kudu sosai, ƙarƙashin inda ƙura ta fi kauri, ta tarar da iskar sama a kwance. Ranar 28 ga Yuni ta ƙullu. Kafin kwana biyu su cika ta zama babbar mahaukaciya mai suna Beryl. Ranar 1 ga Yuli ta hau tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada da iska mai gudun kilomita 240 a awa, ta kwashe rufin kusan kowane gida a can da tsibirin Union na maƙwabta, ta farfasa jiragen masunta a tashar Bridgetown ta Barbados duk da ba ta bi ta kansu kai tsaye ba. Daga nan ta kai mataki na 5, mafi girma, tun farkon Yuli, ta karya tarihin kaiwa wannan mataki da wuri da guguwar Emily ta kafa a tsakiyar Yulin 2005. Ta shafi kudancin Jamaika, ta ratsa yankin Yucatán na Meksiko, ta sauka Texas ranar 8 ga wata, sama da gidaje da shaguna miliyan 2 suka rasa wutar lantarki cikin tsananin zafi. Mutanen Carriacou ƙasa da kwana uku suka samu tsakanin jin sunanta da ganinta, a lokacin da kakanninsu ba su saba sa ran irin wannan ba.

Guguwa ɗaya ba ta isa hujja a kan cewa kowane Yuni zai zama haka ba. Ƙura za ta ci gaba da tashi, iskar gabas za ta ci gaba da kaɗawa. Amma a da ruwan sanyi yana cikin masu tsaron, ko da ƙura ta ɗan janye na mako guda babu man da zai kunna na'urar. Yanzu idan ruwan ya riga ya ɗumama tun Yuni, ƙaramar kafa a cikin ƙura ta wadatar.

Haka nan farkon kaka ba ya faɗin ƙarshenta. A 1992 ba a samu guguwa mai suna ba sai Agusta, ita ce Andrew, wadda ta ragargaza kudancin Florida. A 2022 Agusta gaba ɗaya ya wuce babu ko ɗaya, a ƙarshen Satumba Ian ta zo. Ita kanta 2024 bayan Beryl ta ba masana mamaki ta wata fuska da ta shafe mu kai tsaye. Tun a wajen 1990 William Gray na Jami'ar Jihar Colorado ya nuna cewa shekarun da Sahel ya samu damina mai kyau, kamar na 1950 da 1960, manyan guguwoyi sun fi yawa, shekarun fari na 1970 da 1980 kuwa suka ragu. To a Agustan 2024 damina ta yi ƙarfi har ta zarce iyakarta ta arewa. Ruwa ya sauka a cikin hamada, ambaliya ta ci garuruwa a Nijar da Chadi, ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle Maiduguri ta nutse. A wannan lokaci ne kuma teku ya yi tsit: daga 13 ga Agusta zuwa 8 ga Satumba ba a raɗa wa wata sabuwar guguwa suna ba. Ɗaya daga cikin dalilan da masana suka bayar shi ne taguwoyin sun riƙa fita teku ta can arewa, ta wajen Muritaniya, suna faɗawa cikin ruwan sanyi da busasshiyar iska. Ke nan ba yawan hadarin Sahel kaɗai ake dubawa ba, har da ƙofar da ya bi ya fita. Da abubuwa suka koma daidai, manyan guguwoyi Helene da Milton suka biyo baya, tsakaninsu kamar makonni biyu.

Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin an yi wa sakaci. Tauraron ɗan'adam yana ganin gajimare da ƙura, yana auna iskar fuskar teku, amma sanin ainihin zafi da danshi da gudun iska hawa-hawa a sama yana buƙatar balan-balan mai ɗauke da na'ura da ake saki daga ƙasa sau biyu a rana. Amurka da Turai suna da irin waɗannan tashoshi birjik. A faɗin Sahel kuwa 'yan ƙalilan ne, irin na Yamai da Dakar, wasu kuma sukan tsaya aiki saboda tsadar kayan. A 2006, ƙarƙashin wani babban shirin bincike kan daminar Afirka ta Yamma, an farfaɗo da tashoshi da dama an girke na'urori a Yamai, masana suka samu bayanan da ba su taɓa samu ba, amma riƙe irin wannan aiki bayan shiri ya ƙare abu ne mai wuya. Kwamfutocin da ke hasashen inda taguwa za ta kai nan da kwana bakwai da abin da aka ba su suke farawa. Idan ma'aunin Sahel ya yi ƙaranci, hasashen ruwan sama na manomin Dosso ya raunana, na mai unguwar da ke bakin kogi a Borno ya raunana, haka ma na masuncin Grenada da ke son sanin ko ya janye jirginsa zuwa tudu. Cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET suna Yamai, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana Abuja, ma'aikata masu ilimin suna nan. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin balan-balan da iskar cika shi da gyaran na'urori, a kowace rana ta damina, daga gwamnatocinmu da kuma ƙasashen da ke ɗaya gefen tekun, waɗanda gargaɗinsu na farko daga nan yake tasowa.